Tafki, Gulbi, Fadama da Tsauni: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunayen Ruwa da Ƙasa

Masu fassara labarai, malaman firamare da ɗaliban labarin ƙasa su ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. Mafi yawan ruɗanin daga wuri guda yake tasowa: ana so a auna kalmominmu da girma, wannan babba wannan ƙarami, alhali Bahaushe da hali yake rarrabe ruwa. Yana gudu ko yana kwance? Yana kai wa bazara ko yana ƙafewa? Wa ya haƙa shi, kuma me ake yi a bakinsa?

Mene ne bambancin tafki da kududdufi?

Dukansu ruwa ne kwantacce, amma asalinsu ba ɗaya ba. Tafki galibi yin Allah ne: ƙasa ta lotsa, ruwan sama ko malalar gulbi ya taru a ciki. Kududdufi kuwa hannun mutum ne ya haƙa shi, kuma ba don ruwa aka haƙa ba, don ƙasar gini ce. A tsofaffin birane irin su Kano, Katsina, Zariya da Damagaram, duk soron ƙasa da ka gani akwai ramin da aka ɗebo ƙasarsa. Ana haƙa, ana kwaɓa, ana yin tubali, shekara da shekaru, har ramin ya zurfafa damina ta cika shi. Shi ya sa kududdufi yake tsakiyar unguwa, da koren ruwansa da kainuwa da kukan kwaɗi, tafki kuma yake bayan gari inda shanu ke sha.

Mutane na raina kududdufi saboda sauro da shara, amma shi ne ke shanye ruwan unguwa idan an yi mamako. Inda aka cike shi aka yi shaguna, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya shiga ɗakunan mutane.

To babban tafki fa, ba shi da suna na daban?

Babu. Wanda ke bayan ƙauye, da ke janyewa tun ana sanyi, tafki ne. Ka je wurinsa a bazara ka ga laka ta tsattsage, sawun kofato ya bushe a kai, gaiwa ta binne kanta a ƙasa tana jiran ruwan farko. Tafkin Madarunfa da ke kudu da Maraɗi, wanda mutanen wurin ke cewa kaburburan waliyyai 99 ne suka kewaye shi, shi ma tafki ne. Haka na Kalmalo kusa da Illela, haka na Gidimuni a jihar Damagaram, haka na Chadi da ƙasashe huɗu suka haɗu a kansa. In ana son rarrabewa sai a ƙara bayani: tafki mai ƙafewa, tafkin da ke kai wa shekara.

Wanne ne daidai: tafki, tabki ko tapki?

Duka ana faɗa, bambancin karin harshe ne kawai. Daidaitacciyar Hausa ta ɗauki tafki, jam'insa tafkuna. A Sakkwato da Gobir za ka fi jin tabki, a rubuce-rubucen Nijar kuma kana iya cin karo da tapki. In sunan wuri ne da tarihi ya riga ya san shi, a bar shi yadda mutanensa ke kiransa. Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka kara da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yuni na 1804, ba ya bukatar a mayar da shi Kananci.

Kogi, gulbi, rafi da ƙorama fa? Wanne ya fi wanne?

Nan ne aka fi tafka muhawara, domin littattafan makaranta sun saba jera su kamar matakala. Ba haka abin yake a bakin mutane ba.

Kogi da gulbi kusan abu guda ne, yanki ne ya raba su. Gabas, wato Kano da Haɗeja da Bauci, kogi ake cewa. Yamma da arewa, Sakkwato, Kabi, Zamfara, Gobir da Maraɗi, gulbi ne, jam'insa gulabe. Taswira kanta ta shaida: Gulbin Rima, Gulbin Ka, Gulbin Kaba, Gulbin Maraɗi. Akwai ma garin da ake kira Gulbin Boka a jihar Neja. Sai dai a yamma, gulbi ya wuce ruwan da ke gudu, ya haɗa da dukan kwarin da ruwan ke bi. Gulbin Maraɗi ya taso ne daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ta wajen Jibiya, ya yi baka ta Maraɗi da Tibiri, sannan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima. Yawancin shekara yashi ne zalla, amma ba wanda ya daina kiransa gulbi, kuma manomin da ya ce gonarsa tana gulbi ba yana nufin tana cikin ruwa ba. Gulbin Maraɗin nan ne ya yi ambaliya a 1945 ya cinye tsohuwar Maraɗi, har aka mai da garin kan tudu.

Rafi ƙarami ne, kuma kalmar ta manne da aiki. Wanda ya ce zai tafi rafi, yana iya nufin wanki, yana iya nufin lambunsa na albasa da tumatir da yake ba ruwa da jigo ko da injin. Ƙorama ita ce ruwa mai gudana a hankali, sau da yawa daga idon ruwa, mai tsabta, da inuwa a gefensa. A kudancin Damagaram akwai kwari guda da sunansa ke nan, Ƙorama, inda ruwa ke kusa da sama har ake noman rake.

Ko kogin da ya bushe ba a yanke masa ƙauna. Mata kan tona yashin tsakiyarsa kamu ɗaya ko biyu, su jira ruwa ya tsattsafo, su kwashe da ƙoƙo.

Fadama ruwa ce ko ƙasa?

Ƙasa ce da ruwa ke kwanciya a kanta da damina ya janye da rani, ya bar laka mai danshi. Kishiyarta tudu. Manomi ya san shinkafar fadama da shinkafar tudu, kuma ya san farashin gonakin ba ɗaya ba ne. Babbar fadamar da aka fi sani ita ce ta Haɗeja zuwa Nguru, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke bazuwa kafin su haɗe kusa da Gashuwa su zama Yobe. An sa wani yankinta cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Calawa a 1992, malalar ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

Kalmar ta yi farin jinin da ba a fassara ta. Shirin noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa a Nijeriya tun farkon shekarun 1990, Fadama ake kiransa har a jihohin da ba a jin Hausa.

Kainji da Tiga tafkuna ne ko madatsun ruwa?

Madatsa ita ce ginin da ya tare ruwan. Ruwan da ya taru a bayanta tafki ne. Saboda haka madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ita ta haifi Tafkin Kainji, wanda ya shanye tsohon garin Busa aka gina wa mutanensa sabo. A bakin jama'a dai dam ne duka biyun, ginin da ruwan, kuma ba laifi a hira. A labari ne ya kamata a kula. Lokacin da ruwa ya mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, madatsar Alau ce ta ɓalle, tafkin kuma ya kwararo ta kogin Ngadda. Wasu madatsun su ne Bakolori a kan kogin Sakkwato, Goronyo a kan Rima, Shiroro a kan Kaduna, Dadin Kowa a kan Gongola, da Lagdo ta Kamaru da ke kan Binuwai. A Gana, madatsar Akosombo ta 1965 ce ta samar da Tafkin Bolta.

Daga ina sunan Chadi ya fito?

Daga Barebari. A harshensu kalmar na nufin babban ruwa mai faɗi, wato tafki. Ƙasar Chadi ce ta ɗauki sunan ruwan, ba ruwan ne ya ɗauki sunan ƙasar ba.

Tafkin kansa ba shi da zurfi, don haka girmansa ke sauyawa ƙwarai. A farkon shekarun 1960 ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya raba shi biyu, na arewa da na kudu, ya kuma rage buɗaɗɗen ruwansa zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Kusan duk ruwansa daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da Lagon waɗanda ke haɗuwa a Njamena. Abin da Yobe ke kawowa kaɗan ne. Ba shi da mafita zuwa teku, amma ruwansa bai yi gishiri ba, domin yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirin. Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru sun kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964.

Sunayen cikinsa ma labari ne. Buduma ne 'yan asalin tsibiran, Barebari ne a bakin gaɓa, amma masunta da manoma Hausawa da suka bi kifi da sabuwar ƙasar da ruwa ya bari sun sa nasu sunayen. Daban Masara da Tumbun Rago ba sa bukatar tafinta.

Kwara ko Neja?

Kakanninmu Kwara suka sani, wasu su ce Kuwara. Zabarmawa da Songai na ce masa Isa Beri, babban kogi. Mutanen Mande can sama Joliba suke kiransa. Neja sunan da Turawa suka zo da shi ne, daga gare shi kuma aka samo sunayen Nijar da Nijeriya. Kogi ne mai tsawon kimanin kilomita 4,180, daga tsaunukan Gini ya bi ta Bamako da Yamai da Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Kowace al'umma ta sa wa ɓangaren da ta sani suna, Turawa ma sai a 1830 suka tabbatar da inda ya faɗa teku. Duka sunayen biyu suna aiki yau, har kowanne ya sami jiharsa: Kwara a 1967, Neja a 1976. Ni dai in ina rubutun Hausa, Kwara nake sawa.

Gaskiya ne jihohi da yawa sunayen ruwa da ƙasa gare su?

Ƙwarai. Jihar Kogi, da aka ƙirƙira a 1991, kalmar Hausa ce tsagwaronta aka ba ta, saboda mahaɗar manyan kogunan nan biyu. Yobe, Taraba, Binuwai da tsohuwar Gongola duk koguna ne. Jigawa kuwa sunan irin ƙasa ne, tulin rairayi mai laushi da gero da gyaɗa ke so, babban birninta kuma Dutse. Game da Kaduna, abin da ya fi yaɗuwa shi ne jam'in kada ne, saboda kadojin da ke cikin kogin, amma Gbagyi na da nasu bayanin daga harshensu, kuma su ma tsofaffin mazauna wurin ne.

Me ya sa ake ganin Mayo, Komadugu, Dallol da Kori a taswira?

Domin ba mu kaɗai muka sa wa ƙasar nan suna ba. Mayo kogi ne da Fulatanci, shi ya sa ya cika Adamawa da arewacin Kamaru: Mayo Belwa, Mayo Kebbi. Komadugu kogi ne da Barbarci. Dallol kwari ne mai faɗi da kogi ya bi a zamanin da ya shuɗe, irin Dallol Boso da Dallol Mawri a yammacin Nijar, inda ake haƙa rijiya a sami ruwa kusa. Kori kuma hanyar ruwa ce ta yashi da ke gudu kwanaki kaɗan bayan an yi ruwa a kan duwatsu, kamar Telwa da ke shayar da Agadas.

Wannan ne ke jawo maimaici. Mai cewa Kogin Komadugu Yobe ya ce kogi sau biyu. Wasu maimaicin sun zauna, ba mai tayar da su: Tafkin Chadi, Hamadar Sahara. Wanda za a iya kauce masa kuwa, a kauce. Kogin Yobe ya wadatar.

Teku da bahar ɗaya ne?

Teku ita ce kalmar yau da kullum: Tekun Atlantika, Tekun Indiya, Tekun Fasha. Bahar aron Larabci ne, kuma a sunaye biyu ya fi zama, Bahar Maliya da alhazai suka sani da Bahar Rum, wato tekun Rumawa. Tekun Bahar Rum da ake ji a rediyo shi ma maimaici ne, ko da yake kunne ya saba.

Hausawan Sudan da Chadi sun san wani abu kuma: a Larabcin can, bahar kogi ne ma. Farin Nilu da Shuɗin Nilu, da suka haɗu a Khartum, Bahrul Abyad da Bahrul Azraƙ ake ce musu, kuma a bakin na biyun garin Mai Wurno yake. Akwai kuma tafkunan da duniya ke kira teku saboda girma ko gishiri. Kaspiyan ƙasa ce ta kewaye shi ta ko'ina, haka Bahrul Mayyit da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu da Isra'ila, wanda gaɓarsa ta fi mita 400 ƙasa da doron teku.

Bakasi tsibiri ne?

Ba cikakke ba. Tsibiri shi ne wanda ruwa ya kewaye gaba ɗaya, Bakasi kuwa ƙasa ce da ta kutsa cikin teku. Ba mu da kalma guda ta wannan siffa, shi ya sa lokacin shari'ar da kotun duniya ta yanke a 2002 wasu suka ce tsibirin Bakasi, wasu yankin Bakasi. Na biyun ya fi tsira daga kuskure. Ga siririyar ƙasa muna da ziri, kamar Zirin Gaza. Ga matsattsiyar hanyar ruwa muna da mashigi, kamar Mashigin Hormuz.

Dutse ko tsauni?

Dutse kalma ce mai ɗaukar kaya. Wanda yaro ya jefa dutse ne, na niƙa dutse ne, na guga dutse ne, Dala ma dutse ne. Sunayen da muka gada duk da shi suke: Dutsen Dala da Gwauron Dutse a Kano, Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, Zuma a hanyar Abuja, da Dutsen Habude na Birnin Kudu mai zanen mutanen da. Har na ƙasa mai tsarki haka muke kiransu, Dutsen Arfa da Dutsen Uhudu. Tsauni ya fi dacewa da ƙasa mai tsawo da ake hawa a yi tafiya a kai, musamman in jere ne: tsaunukan Mandara, tsaunin Mambila, tsaunukan Azbin. Wuri mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne. A Nijar kuma yana kan tsaunin Bagzan na Azbin, sama kaɗan da mita 2,000.

Tudu bai kai tsauni ba, kuma ba dole ya yi tsawo ba. Duk inda ruwa bai kai ba tudu ne, shi ya sa wanda ya kuɓuta ake cewa ya kai tudun mun tsira, shi ya sa kuma kusan kowane babban gari yake da Tudun Wada. Kwari kishiyar tudu ne, gangare ne ke haɗa su. Kwazazzabo shi ne ramin da zaizaya ta yanka. Fako ƙasa ce mai tauri da ko ciyawa ba ta so. A kula da kogo: jam'insa a rubuce yakan zo daidai da na kogi, koguna, sai jimla ta raba gardama.

Daji da kurmi da hamada fa?

Daji duk inda ba gari ba ne ba gona ba, ko da itatuwansa jefi-jefi ne: Falgore, Rugu, Sambisa. Kurmi shi ne mai duhu, inda itatuwa suka haɗe kai, galibi a bakin ruwa. Kasuwar Kurmi ta Kano, da ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta gaji sunan kurmin da a da yake bakin rafin Jakara. Fatake kuma in sun ce sun tafi kurmi, kudu suke nufi, ƙasar goro.

Hamada da sahara duka daga Larabci suka shigo. Tenere kalmar Buzaye ce. Wurin ruwa da dabino a tsakiyar rairayi, irin Bilma da Fashi da ayarin gishiri ke zuwa, dausayi ne.

Me ya sa ake cewa Kwara ta cika amma Kogin Kwara ya cika?

Sunayen koguna, kamar na garuruwa da ƙasashe, mata ne a nahawun Hausa. In ka sa kogi a gaba, shi ne ke jan jimlar, shi kuma namiji ne. Haka mahaɗi ke bin jinsin kalmar: tafkin, kogin, gulbin, dutsen, tsibirin, amma ƙoramar, fadamar, hamadar, madatsar.

Yaya za a rubuta sunan da taswira ta sauya wa kama?

A fara tambaya: asalinsa na Hausa ne? In haka ne, a mayar da shi gida. Dogondoutchi da ke taswirar Faransanci Dogon Dutsi ne, garin ƙasar Arawa da ke gindin wani dogon dutse. Goulbi gulbi ne, Madarounfa Madarunfa ce, Tahoua Tawa ce, Birni N'Konni Birnin Ƙonni ne. A ɓangaren Nijeriya ma Hadejia Haɗeja ce, Challawa Calawa, Sokoto Sakkwato. A takardar hukuma ko adireshi dole a bi rubutun gwamnati, amma a cikin zancen Hausa babu dalilin rubuta sunan garinmu yadda baƙo ya ji shi.

In na wata ƙasa ne, a fassara kalmar jinsin, a bar sunan, a rubuta shi yadda ake furtawa: Kogin Nilu, Tafkin Tanganyika, Dutsen Kilimanjaro. Inda wuri yake da suna biyu, yana da kyau a ambaci na 'yan ƙasa ko sau ɗaya ne. Tafkin Biktoriya wani Bature mai suna Speke ne ya raɗa masa sunan sarauniyar Ingila a 1858, alhali Baganda na kiransa Nalubale, Luwo kuma Nam Lolwe. Wani lokaci zaɓin suna ɗaukar ɓangare ne: ruwan da Malawi ke kira Tafkin Malawi, Tanzaniya Nyasa take ce masa, kuma ƙasashen biyu na jayayya a kan inda iyakarsu ta bi a cikinsa. Mai rubuta labarin wannan rikici sai ya kawo sunayen biyu tun a jimlar farko.